Yatsun Kawu

Rigar da Kawu ya sa har yanzu da karin guga a jikinta, layi biyu a ƙirji, ɗaya a kowace kafaɗa. Ta taga Malama ta hango shi. Shi ne na tara a layi, ya goya hannayensa a baya kamar wanda ya zo duba aikin wani. Ta yi maza ta mayar da idonta kan tebur, kada abokan aikinta su ga tana murmushi ita kaɗai.

Ajin 'yan aji huɗu aka mayar rumfar zaɓe. An kwashe bencina an jera su a jikin bango, an bar tebur ɗaya kusa da ƙofa. Nan take zaune da na'urar tantancewa a gabanta, wata 'yar aba mai kaurin ƙamus, da gurbin sa kati a gefe da ɗan gilashin da ake ɗora yatsa. Idan ta gane mutum sai ta kawo koren haske, ta buɗe na'ura ta biyu, wadda ke can lungu bayan labule. Nan mutum zai shiga ya taɓa alamar da yake so, takarda ta fito ya gan ta ta cikin gilashi, ta faɗa akwati. Ƙuri'a ɗaya, sai ta sake kulle kanta.

Mutum ɗari shida da goma sha huɗu ne a rajistar rumfar. Shugaban rumfa, wani ma'aikacin asibiti mai sanƙo da ya yi wannan aikin sau huɗu, ya gaya mata tun da safe kada ta sa rai.

"Wancan karon casa'in da ɗaya suka zo," in ji shi, yana warware igiyar caji. "Har barci na yi a kan wannan bencin. Mutane sun gaji, Malama. In mun ga ɗari da hamsin yau, ki ce mun yi kasuwa."

Ita dai mutum ɗaya take jira.

Kawu ƙanen mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta tun tana shekara shida. Filasta yake yi, shekara talatin da wani abu yana shafe bangon mutane. Rabonsa da zaɓe shekara goma sha huɗu. Ranar da ya je na ƙarshe ya yi awa uku a rana, da ya isa gaban tebur aka duba littafi aka ce masa ai ya riga ya yi. Ya ce yaushe? Aka nuna masa dangwalen wani a gaban sunansa. Ya dawo gida ya jefa katin a cikin gwangwanin kusoshi, bai ƙara zancen ba. Ko da aka zo sabunta rajista bara, don ta matsa masa ne kawai ya je.

Mako biyu ta yi tana lallaɓa shi. Ita da ba ta iya doguwar magana ba, sai ga ta kullum bayan cin abinci tana zana masa na'ura a bayan takardar jarrabawar ɗalibanta. Ta ce masa wannan ba ta san ɗan kowa ba, yatsansa kaɗai ke buɗe sunansa. Ya yi ta jefo mata tambayoyi. In wuta ta ɗauke fa? In an sace ta fa? In wanda ya ƙera ta yana da ɗan takara fa? Wasu ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba, kuma wannan "ban sani ba" ɗin ne ya fi kwantar masa da hankali. Daga ƙarshe ba shi kaɗai ya zo ba. Mutum goma sha ɗaya ya kwaso daga wurin ginin da suke yi, har da Kafinta, abokinsa na shekara ashirin, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Takwas na farko suka wuce lafiya. Kawu ya tako ya tsaya gabanta.

"Sannu da zuwa, Kawu."

"Yau babu Kawu," ya ce, yana miƙa kati da hannu biyu. "Talaka ne ya zo gaban hukuma. A yi mini a hankali, uwata."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta zura katin. Sunansa ya fito, da hotonsa a gefe. Ranar rajista taga ya ba wa baya aka ɗauka, sai hoton ya fito baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai hula da kunnuwa. Kafinta ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Wannan ai tulu ne aka sa wa hula."

"Koma layinka," in ji Kawu. "Naka ma za mu gani."

Ya ɗora babban yatsansa na dama. Na'urar ta yi jim, ta kawo ja.

"Ɗan danna kaɗan, Kawu. Kada ka murza."

Ya danna. Ja. Ta goge gilashin da auduga, ta ce ya kawo na hagu. Ja. Manuni, ja. Sai ta kamo hannun da kanta ta juyo shi sama, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama.

Ta san hannun nan. Kullum fari-fari yake da siminti, da tsagewa a gaɓoɓi, in ya shafa kanta tana yarinya har gashinta yake kamawa. Yau kuwa kan yatsun sumul suke, ja-ja, suna sheƙi kamar cikin cokali. Ta kai su kusa da idonta. Babu zane ko ɗaya.

"Kawu, me ka yi wa hannunka?"

"Wanke shi na yi. Ba ke kika ce ba ta son datti ba?"

"Da me ka wanke?"

"Da abin da ake wankewa mana. Kananzir tukuna, sannan sabulu. Sai dutsen goge kaushi. Inda simintin ya ƙi fita na bi shi da samfefa." Ya faɗa da ɗan alfahari. "Kwana uku ina yi. Jiya ko cokalin gini ban taɓa ba, tsayawa na yi ina nuna wa yara."

Ta tuna. Ranar Talata ce, tana kwashe kwanuka, ta ce masa ya wanke hannu sosai kafin ya zo, don an ce musu na'urar ba ta karanta yatsa mai datti. Ta faɗa ne a wuce, kamar yadda take gaya wa ɗalibai su fiƙe fensir. Ta manta wa take gaya wa. Mutumin da in an ce ya gyara kusurwa sai ya rushe ta ya sake.

Ta gwada hanya ta biyu, ta ɗaga na'urar saitin fuskarsa don ta gwama shi da hoton. Ya tsaya ƙyam, ya haɗe rai. Na'urar ta duba shi, ta duba tulun da ke sanye da hula, ta kawo ja. Wannan ne na biyar. Rubutu ya fito cewa an rufe wannan suna na rabin awa.

"Me ta ce?"

"Ta ce ka ɗan jira. In an gwada sau biyar bai yi ba, takan rufe sunan na ɗan lokaci. Don kada wani ya tsinci katin mutum ya zauna yana ta gwadawa."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. "To, wannan ta yi hankali."

Amma mutanensa ba su ga hankalin ba. Kafinta ya juya ya sanar da layi cewa an ƙi oga. Nan da nan aka fara gunaguni. Wani mai fenti ya ce dama ya faɗa, sabon salon hana mutane ne kawai, da littafi suke yi, yanzu sun koma da inji. Biyu daga cikin leburori har sun fita daga layi. Kawu ya juya ya dube su.

"Ina za ku?"

"Oga, in ba ka yi ba mu ma mun fasa."

"Ni na kawo ku ko ku kuka kawo ni? Ku koma. Kai, Kafinta, zo ka sa wannan yatsan naka mai kama da guduma mu gani."

Kafinta ya ɗora, koren haske ya kawo nan take. Hotonsa ya fito tar, baki a buɗe, da alama magana yake aka ɗauka. Ya shiga bayan labule ya daɗe, ya fito yana kaɗa kai.

"Wallahi ta fi matata saurin gane ni."

Aka yi dariya, layi ya daidaita. Kawu ya samu gefen benci kusa da ƙofa ya zauna, ya ɗora hannayensa a gwiwa.

Daga nan kowa ya zama likitan yatsa. Wakilan jam'iyyu biyu ne a ɗakin, wani dogon saurayi da ake kira Dogo da wata mata mai jiki, mai sayar da atamfa, wadda tun safe suke harare-harare da shi. Ita ta fara cewa ya goga yatsan a goshinsa, maiƙon fuska yana fito da zane. Da rabin awa ta cika aka gwada, bai yi ba. Dogo ya ce a'a, hura masa iska ake yi da baki. Ɗan sandan da ke ƙofa ya ce a jiƙa a ruwa minti goma. Aka kawo kofi, Kawu ya zauna da yatsu a ciki kamar yaron da ya ƙone. Suka fito a yamushe, na'urar ta ce ba ta san su ba. Mai atamfa ta zaro man shafawa daga jakarta ta shafa masa da kanta, tana cewa, "Baba, wannan hannun ai ya fi na amarya laushi." Ja dai.

Kowane gwaji biyar, rabin awa. Malama ta riƙa duba agogo tana kiransa da ido, shi kuma ya taso ba musu, ya koma ba ƙorafi. Wannan ya fi damunta. Da faɗa ya yi da ta samu sauƙi.

Wajen ƙarfe ɗaya Shugaba ya samu injiniyan hukuma a waya. Ta ji muryar tana fita, ga hayaniya a bayansa. Ya tambaya ko na'urar tana karɓar sauran mutane. Aka ce tana karɓa. Ya ce to lafiyarta ƙalau, a rubuta sunan mutumin a takardar ƙorafi, fata takan dawo cikin mako uku ko huɗu, ya je ofis a sake ɗaukar hotonsa bayan zaɓe. Ya kashe.

"Bayan zaɓe," in ji Kafinta, wanda ya ƙi tafiya gida. "Ka ji mai magani."

Labari kuwa ya riga ya zaga unguwa, ya ƙara kiɓa a hanya. Aka ce na'ura tana ƙin tsofaffi. Aka ce tana ƙin duk mai aikin hannu. Malama ta ga wasu mata uku sun shigo harabar makarantar, sun tsaya sun yi magana da wani, sun juya. Kafin ta yi tunanin abin yi, Kawu ya miƙe ya fita bakin baranda.

"Ku dawo, bayin Allah. Ba ta ƙi kowa ba sai ni, ni ma ni na jawo wa kaina. Ku zo ku ga hannun."

Suka dawo suna dariya, suka duba hannun, suka shiga layi. Tun daga nan bai koma benci ba sai in lokacin gwajinsa ya yi. Ya tsaya a ƙofa yana nuna tafinsa ga duk wanda ya yi turus, yana ba da labarin samfefa, kowane karo yana ƙara masa gishiri. Yana gaya wa tsofaffi su danna, kada su murza. Ya aika Kafinta layin bayan kasuwa ya gaya wa masu walda ƙarya ake yi musu. Mutane suka riƙa zuwa, wasu don zaɓen, wasu don su ga mutumin da ya goge yatsunsa, amma duk wanda ya zo sai ya fito da kati. Ƙarfe uku Shugaba ya leƙa lambar da ke saman na'urar ya ga ɗari biyu da sittin da takwas. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

Ƙarfe huɗu daidai na'urar ke rufe kanta, ba ta jiran kowa. Saura minti ashirin layi ya ƙare, sai ɗaiɗaiku. Kawu ya yi gwajinsa, yatsa huɗu a jere, duk ja. Malama ta tsayar da shi kafin na biyar, don in sunan ya sake rufuwa shi ke nan. Ya koma benci. Ta ga yadda ya zauna a wannan karon, a hankali, yana dafa bango.

Shugaba ya jawo kujera kusa da ita, ya rage murya.

"Malama, akwai hanyar nan fa."

Ta san wadda yake nufi. An koya musu ita a rana ta uku ta horo. Hanya ce da aka ajiye don wanda ba shi da yatsu, wanda inji ya cinye wa hannu ko aka haife shi haka. Ma'aikata biyu za su sa nasu yatsun, su tabbatar, na'urar ta buɗe wa mutumin ba tare da nasa ba. Mai horon ta ce duk lokacin da aka buɗe ta, sunan ma'aikatan biyu yana tafiya hedikwata, ana kuma gwama shi da rajista. In aka tarar mutumin da yatsunsa goma ya yi rajista, ana iya soke sakamakon rumfar gaba ɗaya.

"Ba tasa ba ce, ranka ya daɗe," ta ce.

"Na sani. Amma ke kin san shi ne, ni na san shi ne, unguwa duk ta san shi ne. Wa muka cuta?"

"In aka duba fa?"

"Rumfa dubu nawa ce a ƙasar nan? Wa zai zauna ya duba tamu?" Ya juya wajen wakilan. "Ku fa, kuna da ja?"

Dogo ya ɗaga kafaɗa. "Ni ban ma san wa zai zaɓa ba. A ba shi. Mutumin nan rabin layin yau shi ya kawo."

"Yau ɗaya na yarda da wannan sandar," in ji mai atamfa, tana nuna Dogo da baki. Ta matso ta dafa tebur. "'Yata, mu da muke gaba da juna mun yarda, ke ce za ki ƙi? Kawunki ne fa. An ce shi ya riƙe ki."

Malama ta sunkuyar da kai. Kunnuwanta suka yi zafi, kamar kullum in mutane da yawa suna kallonta. Ta dubi lambar da ke saman na'urar, ɗari biyu da casa'in da ɗaya. A ciki akwai matan nan uku da suka juya suka dawo. Akwai masu walda, akwai wata tsohuwa da jikarta ta riƙo, wadda ta yi minti biyar bayan labule ta fito tana cewa ta ga takardarta da idonta. Sai kuma ta dubi benci. Bayan shekara goma sha huɗu, ita ta je ta taso shi. Ita ta ce ya wanke hannu.

Shugaba bai jira amsarta ba. Ya ɗaga murya. "Baba, taso. An samu hanya."

Kawu ya taso da sauri har yana tuntuɓe da ƙafar benci. Fuskarsa ta washe. Kafinta ya biyo shi yana cewa dama ya san ba za a rasa ba. Shugaba ya karɓi katin ya zura, ya shiga wani shafi, ya ɗora babban yatsansa. Kore. Ya turo mata na'urar. Saura minti tara.

Ta ɗora nata. Kore. Sai tambaya ta fito da manyan baƙaƙe, da gida biyu a ƙasa, E da A'a.

Kawu ya sunkuyo yana ƙanƙance ido. Bai zo da tabaransa ba.

"Me ta ce, uwata?"

"Ba komai, Baba, ƙa'ida ce kawai," in ji Shugaba. "Danna, Malama."

"Ita na tambaya."

Malama ta dubi rubutun. "Tana tambaya ko mun tabbatar ba ka da yatsu."

Kafinta ya buɗe baki, ya rufe. Kawu ya ɗago hannayensa biyu ya dube su, gaba da baya.

"Ba ni da yatsu," ya ce, kamar yana ɗanɗana maganar.

"Magana ce ta inji, Baba. Ba wanda zai karanta."

"To in an karanta, sunan wa ke jiki?"

Shugaba ya sosa sanƙonsa. "Nawa da nata."

"Sai kuma me?"

Malama ce ta amsa. Ba ta ɗaga kai ba. "Za su iya soke na kowa, Kawu. Duk waɗanda suka zo yau."

"Za su iya, aka ce," in ji mai atamfa. "Ba a ce za su yi ba. Lokaci fa yana tafiya."

Wata mata da goyo ta shigo tana haki, kati a hannu, ta tsaya bayan Kafinta tana tambaya ko an rufe. Ɗan sanda ya ce saura kaɗan.

Yatsan Malama yana saman gidan E, bai taɓa ba. Ta so a ce Kawu ya ce mata danna, ko ya ce kar ki danna, kowanne ne ta ɗauka. Bai ce ba. Tsayawa ya yi yana kallonta, irin kallon da yake mata in ta kawo masa sakamakon jarrabawa, yana jira ta karanta masa da bakinta.

Ta janye hannun ta ɗora a cinya.

"Ba zan iya ba, Kawu. Ka yi haƙuri. Ni na ce ka wanke, ni na..."

Shugaba ya yi tsaki a hankali ya jingina da kujera. Dogo ya kau da kai wajen taga.

Kawu ya miƙa hannu, ya kama bakin katin da yatsu biyu. Santsi ya sa ya kuɓuce masa, ya sake kamawa da kyau ya zaro shi. Tambayar ta ɓace daga fuskar na'urar. Ya goge katin a hannun rigarsa, ya sa a aljihun gaba, ya ɓalla maɓallin. Ya matsa gefe, ya yi wa mai goyon alama da hannu ta matso. Da ta miƙa katinta Malama ta karɓa, shi kuma ya raɓa ta bayan Kafinta, ya bi ta gefen ɗan sandan, ya sauka daga baranda ya nufi ƙofar makaranta.